RUWAN DA YA CINYE ƘAFAR KYAMARA

DUK wanda ya tashi a Lafani, ko a wani ƙauye na ƙasar Illela, ya fi sanin rairayi a kan ruwa. Ruwan da ya sani shi ne na rijiya, sai kuma wanda kwarin Magiya ke kwasowa daga ƙasar Nijar da damina ya juye a tafkin Kalmalo. Abin hawansa babur ne da amalanke da motar kasuwa, musamman ran Lahadi da kasuwar Illela ke ci. In aka ce masa akwai mutanen da ke barin ƙasarsu, su biya kuɗi masu kauri don kawai a sa su cikin jirgin roba a tura su cikin ruwa mai tafasa a tsakanin duwatsu, abin da zai fara tambaya shi ne, "Lafiyarsu ƙalau kuwa?"

To amma a nan kusa da shi, in an tsallaka iyaka an shiga Birnin Ƙonni, an ƙara kilomita 16, akwai wurin da wani tsoho ɗan fim ya gamu da ajalinsa, kuma shi wannan tsohon a cikin irin wancan ruwan ya koyi sana'arsa. Sunansa Jean Rouch, mutumin Faransa. A ranar 18 ga Fabrairu, 2004, motar da yake ciki ta yi haɗari a wannan hanya, ya mutu yana da shekara 86. Tare da shi a motar akwai matarsa, da daraktan nan na Nijar Moustapha Alassane, da tsohon abokinsa kuma jarumin finafinansa, Damouré Zika. Su ukun sun tsira. Shi kuwa an kai gawarsa Yamai aka binne.

Mutumin da ya bi Kogin Kwara tun daga tushensa har teku ruwa bai ci shi ba, sai ga shi kwalta ta ɗauke shi a busasshiyar ƙasa. Tsautsayi ba ya wuce ranarsa.

TURAWA UKU A KAN ITACE

Rouch injiniyan hanya ne tun asali. A 1941 aka turo shi Yamai aikin gina hanyoyi, kuma a bakin kogi ya haɗu da Damouré, wani saurayi ɗan gidan masunta na ƙabilar Sorko, 'yan'uwan waɗanda Hausawan Kabi da Yawuri ke kira Sarkawa. Shi ya fara buɗe masa ido a kan kogin da mutanensa.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Rouch da abokansa biyu, Jean Sauvy da Pierre Ponty, suka ƙudurta bin kogin gaba ɗayansa. Mai karatu ya sani, Kwara ba ƙaramin ruwa ba ne: tsawonsa ya kai kusan kilomita 4,200. Yana tasowa ne daga tsaunukan ƙasar Gini, inda tsakaninsa da teku bai wuce kilomita 240 ba, amma sai ya juya wa tekun baya ya nausa arewa, ya bi ta Bamako da Segu da Mopti, ya gifta kusa da Tambutu, ya karyo ta Gawo da Yamai da Gaya, ya shigo Nijeriya. A nan ne gulbin Rima, wanda ya ratso ƙasar Sakkwato da Argungu, ke zuba a cikinsa.

Sun fara tafiyar a ranar 24 ga Oktoba, 1946. A can sama kogin bai fi rafi ba, don haka da ƙafa suka soma. Da ruwa ya ɗan yi faɗi sai suka ɗaure itatuwa suka yi abin hawa, suka ɗora kayansu, suka bi ruwa. Daga baya ne suka riƙa sauya jirage irin na mutanen kowane yanki. A cikin kayan nasu akwai keken rubutu da suke buga labarai suna aika wa jaridu don samun kuɗin guzuri, akwai kuma wata kyamara ƙirar Bell & Howell mai fim ɗin milimita 16, wadda aka saya kwance a kasuwar gwanjo ta Paris. Wannan kyamara ba ta da batir. Wana ta ake yi kamar agogo, ta ɗauki abin da bai kai rabin minti ba, ta tsaya, a sake wanawa. 'Yan fim ɗin yau da ke ƙorafin batir ya mutu a lokeshin sai su gode wa Allah.

INDA KOGI KE FUSHI

Kwara ruwa ne mai haƙuri a mafi yawan tafiyarsa, amma yana da wuraren da yake fushi. Akwai Sotuba a ƙasan Bamako, akwai Fafa da Labbezanga a tsakanin Ansongo da Ayoru, wajen iyakar Mali da Nijar, sannan a wancan zamani akwai babbansu, wato Busa. A irin waɗannan wurare ƙasan kogin dutse ne, kuma gangare. Ruwan da ya taho a shimfiɗe sai ya matse a 'yar hanya, gudunsa ya ninka, ya riƙa dukan duwatsu yana tashi sama. Iskar da ke cakuɗuwa da shi ita ke mayar da shi fari fat kamar kumfar sabulu, abin da ya sa Turawa ke ce masa farin ruwa ke nan. Wannan kumfar ita ce mugun abu, domin rabinta iska ce, ba ta ɗaukar nauyin mutum yadda ruwa sosai ke yi. Ko gwanin iyo ne ya faɗa ciki sai ya ji ƙasa na jan sa.

Yinin da za a wuce irin wannan wuri daban yake da sauran ranaku. Tun kafin a ga komai ake fara jin rugugi daga nesa, kamar hadari na tasowa alhali sama tas take. Masu jirgin da suka san aikinsu ba sa afkawa kai-tsaye. Gefe suke rakuɓewa su ɗaure jirgi, babbansu ya hau kan dutse ya daɗe yana kallon ruwan. Abin da yake nema shi ne santsin nan mai kama da harshe da ke shiga tsakanin duwatsu biyu, domin nan ne ƙofa. Inda ya ga ruwa ya yi tudu yana sheƙi, ya san dutse ne a kwance a ƙasa. Inda ya ga kumfa na komawa baya tana birgima a wuri ɗaya, ya san rami ne mai riƙe jirgi da mutum. In ya ga ƙofar za ta wuce, sai a koma jirgi, na gaba ya riƙe gwangwala yana ture duwatsu, na baya ya riƙe filafili yana saita hanci. Magana ba ta jiwuwa, sai dai nuni da hannu. In kuwa ya ga ba za ta wuce ba, babu gardama: a sauke kaya a ɗauka a ka, a ɗaura wa jirgi igiya a riƙa sassauta masa a hankali ta gefen ruwa. Tafiyar da ba ta fi a kira mutum ya ji ba sai ta cinye yini guda.

Labarin da ya yi fice a tarihin fim shi ne, tun tafiyar ba ta yi nisa ba, a irin wannan ruwan Rouch ya rasa ƙafar kyamararsa, wato abin nan mai ƙafa uku da ake girke ta a kai. A lokacin, ƙa'idar masu fim ita ce kyamara ba ta barin ƙafarta, wanda ya ɗauka da hannu ana ganin bai iya ba ne. Shi kuwa yana tsakiyar daji, babu kantin da zai sayi wata. Dole ta sa ya rungumi kyamarar a hannu. Da ya ga hoton bai lalace ba, kuma yanzu yana iya bin mutum a baya, ya zagaya shi, ya shiga cikin taro, ya zauna a jirgi ɗaya da masunta, sai abin ya zame masa salo har ƙarshen rayuwarsa. Ya yi finafinai fiye da 100, kuma matasan daraktocin Faransa na wajen 1960 sun kwaikwayi wannan salo nasa. Duk lokacin da mai ɗaukar hoto ya saɓa kyamara a kafaɗa ya bi jarumi da gudu a lungunan Fagge, to akwai ɗan alhakin wancan ruwa a ciki.

MASUNTA SUN GYARA WA DARAKTA FIM

A Ayoru, arewa da Tilaberi, Rouch ya ɗauki masunta suna farautar dorina da masu. Ponty ya rabu da su a Yamai, shi da Sauvy suka ci gaba har suka isa teku a ranar 25 ga Maris, 1947, wata biyar cif da fara tafiya. Hotunan Ayoru su ne suka zama fim ɗinsa na farko, Au pays des mages noirs. Sai dai kamfanin da ya sayi fim ɗin ya yi masa aika-aika: ya sauya jerin fitowa, ya cusa hotunan namun dajin da ba a can aka ɗauke su ba, ya ɗora murya mai zuzuta abu kamar ana sharhin wasanni. Duk furodusan da ɗan kasuwa ya taɓa ce masa "a ƙara waƙa biyu ko ba na saye" ya san irin wannan ciwon.

A 1951 ya koma ya sake ɗaukar farautar da kyau, fim ɗin da ya kira Bataille sur le grand fleuve. A 1954 ya dawo da shi Ayoru da janareta, aka kafa farin ƙyalle aka nuna wa masu abin. Masunta suka kalla, suka sake kallo, sannan suka faɗa masa inda ya yi kuskure. Babban laifinsa shi ne kiɗan da ya sa a lokacin farauta. A wurinsu dorina na jin sauti a ƙarƙashin ruwa, kiɗa ƙarfin zuciya zai ƙara mata, don haka shiru ake yi. Rouch bai ce shi ne darakta ba. Ya cire kiɗan. In kifi ya fito daga ruwa ya ce idon kada ɗaya ne, wa zai musa? Har maƙala ya rubuta a 1950 a kan Sarkawa, masuntan da ke yawo da jiragensu a tsakiyar Kwara.

BUSA: WANDA YA TAMBAYA DA WANDA BAI TAMBAYA BA

Hanyar su Rouch ta bi da su ta Yawuri da Busa, kuma Busa na da tsohon labari. A Nuwamba 1805, wani ɗan Sikotilan mai suna Mungo Park ya taso daga Sansanding a ƙasar Mali ta yau, cikin wani kwalekwale da ya gyara ya sa masa suna Joliba. Ya yi tafiya mai nisan gaske bai yarda ya sauka ya gaida masu ƙasa yadda ya kamata ba, jirgin da ya matso kusa da shi kuwa sau da yawa bindiga ce amsarsa. A Yawuri jagoransa kuma tafintansa, Amadi Fatouma, ya sauka domin nan yarjejeniyarsu ta ƙare. Park ya ci gaba ba tare da wanda ya san ruwan gaba ba. A farkon 1806 jirginsa ya maƙale a duwatsun Busa, aka yi artabu da mutanen da ke bakin gaɓa, shi da sauran Turawan suka faɗa ruwa, ba a sake ganin su ba.

Shekara 24 bayan haka, a 1830, wasu 'yan'uwa biyu, Richard da John Lander, suka zo Busa ta ƙasa. Su kam sun zauna da sarakuna, sun hau zuwa Yawuri sun dawo, sun nemi jirage da matuƙa daga mutanen wurin, kuma a ƙarshen shekarar suka fita teku da ransu. Ruwan ɗaya ne, duwatsun ma ɗaya ne. Matambayi ba ya ɓata.

Wanda ya je neman waɗannan duwatsu yau ba zai gan su ba. An fara gina dam ɗin Kainji a 1964 aka gama a 1968, tafkin ya haɗiye tsohuwar Busa da gangarenta, aka tashi mutane fiye da 40,000 aka sake masu matsuguni, ciki har da garin Sabuwar Busa.

YINI GUDA A JINJA

Abin da Sarkawa ke yi don neman abinci, yanzu ya zama wasan masu yawon buɗe ido. A Afirka wurare biyu suka fi suna: kogin Zambezi a ƙasan gangaren Victoria, tsakanin Zambiya da Zimbabuwe, inda aka fara a 1981, da kuma garin Jinja na Yuganda, inda kogin Nilu ke fita daga tafkin Victoria, wanda aka fara a 1996. An kasa ƙarfin ruwa mataki shida. Na ɗaya ko yaro zai wuce, na biyar sai da ƙwararren jagora, na shida kuwa ba a shiga da baƙi sam.

Baƙon da ya je Jinja da sassafe mota ke ɗaukar sa zuwa bakin ruwa. Kafin ya taɓa jirgi sai an ba shi abu uku: rigar kariya daga nutsewa, hular kwano, da filafili. Jagora zai kama kafaɗun rigar ya ɗaga da ƙarfi, in ta zame sama a sake ɗaurewa. Jirgin na roba ne da aka hura wa iska, yana cin mutum shida zuwa takwas, kowa na zaune a gefe, jagora a baya. A ruwa mai sanyin gudu ake fara darasi: yadda ake tuƙi gaba da baya, yadda ake durƙushewa a riƙe igiya in an ji umarni. Daga nan sai jagoran ya kifar da jirgin da gangan, don kowa ya ɗanɗana yadda abin yake tun ba a je inda ake tsoro ba. Ana koya wa mutum cewa in ya faɗa, ya kwanta rigingine, ƙafafu na gaba, kada ya kuskura ya yi ƙoƙarin tsayawa, domin in ƙafa ta maƙale a tsakanin duwatsu ruwa zai danne shi. Ba a fafa gora ranar tafiya.

Sannan a doshi na gaske. Rugugi na matsowa, hira na ɗaukewa. Jirgi zai sulala kan harshen nan mai santsi, sai ga bangon ruwa ya fi tsayin mutum a gaba. Daƙiƙa ashirin ko talatin ne, amma wanda ke ciki ji yake kamar awa guda. Wani lokaci a fito ana ihu ana dariya, wani lokaci jirgi ya kife kowa ya watse. A nan ne samarin da ke cikin ƙananan kwalekwale masu cin mutum ɗaya, waɗanda tun farko suka riga suka wuce gaba suna jira, za su riƙa tsinto mutane ɗaya bayan ɗaya. Yawancinsu 'ya'yan ƙauyukan bakin kogin ne. In an iso Itanda, inda saman gangaren ya kai mataki na shida, kowa sauka yake a zagaya ta tudu, daidai yadda masu jirgin Kwara ke yi. A tsakanin gangare da gangare akwai dogon ruwa mai kwanciya, a nan ake yanka abarba a ci, mai so ya faɗa ya yi iyo.

Akwai ma ɗan'uwan 'yan fim a tawagar. Shi ne mai kyamarar da ke riga kowa wucewa, ya hau dutse ya ɗauki yadda jirgi ke kifewa, da yamma a nuna wa baƙi su yi ta dariyar kansu, mai so ya saya. Jinja ma ta ɗanɗana abin da Busa ta sha: dam ɗin Bujagali da aka gama a 2012 da na Isimba a 2019 sun shanye wasu daga cikin gangaren da suka fi suna, aka matsa da wasan zuwa abin da ya rage.

A GIDA FA?

Abin da zai ba mutum haushi shi ne, wanda ya je wasa an ɗaura masa riga da hula an sa masu ceto a gabansa, amma wadda za ta kasuwa da goyo a bayanta ba ta da ko ɗaya. A ranar 26 ga Mayu, 2021, wani jirgi da ya ɗauko mutane fiye da 150 ya nutse kusa da Wara a ƙaramar hukumar Ngaski ta Jihar Kebbi, a saman ruwan Kainji, kuma waɗanda aka ceto da rai ba su kai 30 ba. A Afrilu 2022 mutum 29 suka rasu a ƙaramar hukumar Shagari ta Jihar Sakkwato, mafi yawansu yara da matasa. Dalilan kusan kullum iri ɗaya ne: lodi fiye da kima, tsufan jirgi, kututturan da ke ɓoye a ƙarƙashin ruwa, tafiyar dare, da rashin rigar kariya.

'Yan fim ma abin bai bar su ba. A ranar 10 ga Afrilu, 2024, jarumin finafinan Kudu, Junior Pope, ya rasu tare da wasu ma'aikatan fim huɗu lokacin da jirginsu ya kife a Kogin Kwara, a yankin Anam na Jihar Anambra, a kan hanyar lokeshin. A bidiyon da ya ɗauka a cikin jirgi kafin haɗarin babu rigar kariya a jikinsa. Ƙungiyar 'yan wasa ta ƙasa ta dakatar da ɗaukar fim a kan ruwa bayan abin ya faru.

Wannan darasi ne ga industirin Hausa. An saba zuwa bakin dam a ɗauki waƙa, jaruma na kaɗa gyale, jarumi na nuna ruwa da yatsa. Amma labaran ruwa na gaske suna nan jibge ba a taɓa su ba: Sarkawa da Gungawan Yawuri, bikin Rigata, wasannin kabanci na bikin Argungu wanda aka faro a 1934, da mutanen da Kainji ya tasa daga gidajen kakanninsu. Furodusan da ya yi niyyar shiga, to kafin kuɗin kwalliya ya ware na rigunan kariya, har da na mai riƙe fitila da mai dafa abinci. Ya fara da gidan Sarkin Ruwa, ya gaishe shi, ya tambaye shi lokacin da ake shiga da lokacin da ba a shiga. In mai jirgi ya ce mutum goma yake ɗauka, kada darakta ya ce ai rana na faɗuwa a ƙara biyar. In ya ce yau ba za a tsallaka ba, a naɗe kaya a jira gobe.

Damouré Zika ya rasu a Yamai a 2009, Moustapha Alassane kuma a 2015. Cibiyar al'adu ta Yamai da aka sa wa sunan Jean Rouch bayan mutuwarsa, a 2024 hukumomin Nijar suka sauya mata suna zuwa na Moustapha Alassane, wato daga sunan wani fasinjan waccan mota zuwa na wani. Ita kuwa hanyar Ƙonni tana nan, manyan motoci na bi da lodin albasa, 'yan Illela na tsallakawa cin kasuwa suna dawowa kafin magariba, kuma da wuya a samu wanda zai nuna maka daidai inda abin ya faru.